San Abin Da Ke Cikin Kwalbarka: Gargaɗi Ga Masu Gyaran Waya Da Rediyo

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko ya ratsa titin Beirut, ya ga samari jere a kan benci, kowa da ɗan teburinsa. Ga fitila, ga ƙarfen dalma, ga mita, ga tsohon buroshin goge baki, ga kuma wata 'yar kwalba da babu rubutun komai a jikinta. Wannan takarda a kan 'yar kwalbar nan take magana. Da ruwan cikinta ake wanke injin waya da fanel ɗin rediyo da na talabijin, amma in ka tambayi mai ita abin da ke ciki, wani ya ce fetur ne, wani ya ce tina, wani ya ce sifirit, wani kuwa ya ce haka ya sayo ta. To, ya kai mai sana'a, ka karanta a hankali, domin ruwan nan yana iya raya kayan da aka ba ka amana, yana kuma iya kashe su. Yana iya taɓa lafiyarka, yana iya cinye shagonka da na maƙwabcinka.

Me ke ɓata allon lantarki?

Abin da muke kira allon lantarki shi ne koren faifan nan da ke cikin kowace na'ura, wanda masu gyaran rediyo ke kira fanel, masu gyaran waya kuma su ce inji. A jikinsa an shimfiɗa siraran hanyoyi na tagulla, ta nan wuta ke bi daga wannan kaya zuwa wancan. A injin wayar zamani, tazarar da ke tsakanin hanya da hanya ba ta fi kaurin silin gashi ba. Saboda haka ɗan dattin da ido ba ya gani ya isa ya haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba.

Maƙiyan allon nan a ƙasarmu huɗu ne. Na farko ƙura, musamman ta hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi. Busasshiyar ƙura tana toshe hanyar iska, kaya su yi ta zafi. In damina ta faɗi kuwa, sai ƙurar ta sha raɓa ta zama gadar da wuta ke ƙetarewa ta kai. Na biyu ruwa da zufa da abin sha mai zaƙi, waɗanda ke haifar da tsatsar nan fara ko koriya. Na uku ƙwari da dangoginsu: kyankyaso da tsaka da tururuwa suna son ɗumin cikin talabijin da inbata, su yi kashi, su mutu a ciki. Na huɗu kuwa mai gyara ne da kansa ke kawo shi, wato man dalma da ake kira fes. Asalinsa ƙaron itacen fayin ne. Yana taimakon dalma ta kama, amma ragowarsa tana danƙo, tana kama ƙura, wani irinsa ma yana cin tagulla sannu a hankali.

Aikin sinadarin wanki

Ka lura da wannan, domin shi ne gindin maganar duka. Sinadarin wanki narkar da datti yake yi, ba ya ɓatar da shi. In ka zuba shi a kan allo ka goga, ka bar shi ya bushe a wurin, sinadarin ya tashi ya bi iska, dattin kuwa ya koma ya kwanta, har ma ya bazu inda da babu shi. Farin tabon nan da kake gani bayan wanki, wannan ne sanadinsa. Kamar mai wankin tufa ne da ya saɓa sabulu ya shanya ba tare da ɗauraya ba. Wanki na ƙwarai sai an narkar da datti, an kwashe shi tun yana jiƙe.

Sinadari nagari kuwa sharuɗɗa uku gare shi. Ya narkar da datti, kada ya narkar da roba da fenti. Ya bushe tas, kada ya bar maiƙo. Kada kuma ya cuci mai aiki da shi.

Darasi daga manyan masana'antu

Kada ka ɗauka ƙananan masu gyara ne kawai suka taɓa yin kuskure a wannan fage. Shekaru da yawa masana'antun Turai da Amurka da Japan suna wanke alluna da wani sinadari mai suna CFC-113. Ba ya kama wuta, yana wanki fes, kowa na yabonsa. Daga baya masana suka gano cewa yana cinye rufin nan na sararin sama da ake kira ozon, mai tare mana mugun hasken rana. A 1987 ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta ƙasar Kanada. Ƙasashe masu arziki suka daina yin sa daga 1996, masu tasowa kuma aka ba su zuwa 2010. Wani sinadarin mai suna tirailoroetilin, wanda shi ma an daɗe ana wanke kayan ƙarfe da na lantarki da shi, a 2012 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta tabbatar yana jawo dajin ƙoda.

A birnin Suzhou na ƙasar Sin, wata masana'anta mai suna Wintek, wadda a da take yi wa kamfanin Apple gilashin waya, ta sauya alkohol da wani sinadari mai suna n-hekzen, don kawai ya fi saurin bushewa, aiki ya yi sauri. Ma'aikata suka fara jin hannuwa da ƙafafu suna mutuwa, wasu tafiya ta gagare su, domin sinadarin jijiyoyi yake ci. A rahotonsa na 2011 kamfanin Apple ya amsa cewa mutum 137 abin ya shafa. Ka ga inda neman sauri ya kai masana'anta mai injiniyoyi da likitoci. Ina ga mai ɗan teburi a rumfar da ba ta da taga?

Wanne za a ɗauka, wanne za a bari?

Wanda masu sana'a a duniya suka fi amincewa da shi shi ne alkohol ɗin da ake kira aisofurofil. A jikin kwalbarsa za ka ga haruffa uku, IPA. Ka nemi wanda aka rubuta kashi 99 cikin ɗari, in babu, kada ya gaza kashi 90. Na kantin magani mai kashi 70 an yi shi ne don goge fata kafin allura, kashi 30 ɗinsa ruwa ne. Alkohol ɗin zai tashi, ruwan ya maƙale a ƙarƙashin aisi, wato ƙananan baƙaƙen kayan nan da ke manne a kan allo, yana jiran ranar da zai yi tsatsa. Ka kuma riƙa toshe bakin kwalbar, domin yana zuƙar danshin iska. Wannan alkohol ba irin na sha ba ne, guba ne ga ciki.

Fetur kuwa, wanda mutane da yawa suka saba da shi don yana kusa, ya faɗi duk sharuɗɗan nan uku. Yana barin maiƙo, yana kumbura roba, yana sassauta gam. A cikinsa akwai benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo dajin jini. Tururinsa kuwa yana kama wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili.

Tina an haɗa shi ne don fenti. Yawanci akwai toluwin da zailin da asiton a ciki. Yana cin robar bakin caji da ta maɓallai, yana goge rubutun da ke jikin kaya, yana ɓare fentin kariya da ake shafa wa allunan inbata da na mota. Toluwin ɗin nan dangin abin da ke cikin sholisho ne. Mai gyaran da ya wuni kansa sunkuye a kan tina, shaƙar da muke yi wa yara faɗa a kai ita yake yi, sai dai shi bai sani ba. Ruwan goge jan farce ma yawanci asiton ne, wani har da turare da mai a ciki, kada ya kusanci allo.

Sifirit na kanti yakan yi wanki, amma yawanci an gauraya shi da metanol don kada a sha, wani kuma da launi da ruwa. Metanol yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, kaɗan daga cikinsa in an sha yana makantarwa, harshen wutarsa kuma da rana da ƙyar ido ke ganinsa. Ruwan goge hannu irin na zamanin korona shi ma a bar shi, akwai gilisarin a ciki mai barin danƙo.

Gaskiya ne IPA ya fi fetur tsada. Amma ka auna kuɗin kwalba ɗaya da kuɗin wayar mutane guda ɗaya da za ka biya in ta lalace a hannunka. Araha ba ta ado.

Kafin ka buɗe kwalba

Da farko ka raba na'urar da wuta. Zare ta daga soket, ka cire batir. Batirin waya in ya kumbura, ka ajiye shi nesa a kan ƙasa ko cikin yashi, kada ka huda shi, kada ka lanƙwasa shi.

Na biyu, ka sani zare waya daga bango bai fitar da wuta daga cikin na'ura ba. Babbar kafasita, wadda tsofaffin masu gyara ke kira kondansa, tana ajiye wuta kamar yadda randa ke ajiye ruwa. A caja da talabijin da ke aiki da wutar gida mai bolt 220, abin da take riƙewa ya haura bolt 300. A tsohuwar talabijin mai ƙeya, gefen gilashinta yana ɗaukar wajen bolt 25,000. Ka auna da mita, ka sauke wutar ta hanyar rezisto. Haɗa ƙafafunta da sukundireba yana fitar da tartsatsi, tartsatsi kuwa a kusa da buɗaɗɗiyar kwalba ka san abin da zai haifa.

Na uku, ka yi hattara da wutar jikinka. A hunturu in ka tuɓe rigar leda cikin duhu za ka ji tana ƙara, har ka ga ɗan haske. Mutum ba ya jin wannan wuta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ƙananan kayan allo abin da bai kai bolt 100 ba ya isa ya kashe su. Ka ɗaura abin hannun nan mai sauke wuta, ka kama allo ta gefe-gefensa, kada ka goge shi da tsumman leda ko na ulu.

Yadda ake wankin

1. Ka cire duk abin da ba ya son jiƙa: gilashin waya, kyamara, sifika, makirfo. Alkohol in ya shiga bayan gilashi yana barin tabon da ba ya fita.
2. Ka kaɗe busasshiyar ƙura da buroshi mai laushi ko 'yar robar hura iska. Kada ka hura da baki, yawu yana biyo numfashi. Ƙurar da aka jiƙa kafin a kaɗe taɓo take zama.
3. Ka tsiyayi IPA kaɗan a murfi, ka rufe kwalbar. Kada ka riƙa tsoma buroshi mai datti cikin uwar kwalba.
4. Ka jiƙa wurin, ka ɗan jira fes ɗin ya yi laushi, sannan ka goga a hankali. Kayan injin waya wasu ba su kai ƙwayar gero ba, buroshi mai tauri yana iya ɓalle su.
5. Ka karkata allon, ka ɗauraye da sabon IPA ya gangara da dattin, ko ka dangwale shi da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. In farin tabo ya fito, ka maimaita.
6. Ka bar shi ya bushe. Fili yakan bushe cikin 'yan mintoci, amma ƙarƙashin aisi da cikin murafun ƙarfe sun fi daɗewa. Ka duba da madubin ƙara girma kafin ka mayar da batir.

Mai injin wanki na girgiza, wanda ke kaɗa ruwa wajen sau 40,000 a daƙiƙa, ya yi amfani da ruwan wankin da aka yi dominsa. Cika shi da alkohol ko fetur haɗari ne, domin yana ɗumama ruwan yana tayar da tururi.

Wayar da ta faɗa ruwa

A nan ne aka fi yin ɓarna. Mai waya yakan yi ta danna ta ya ga ko za ta kawo, ko ya sa ta a caji. Wuta da ruwa in sun haɗu a kan tagulla, tsatsar da za ta ɗauki makonni sai ta faru cikin sa'o'i. Binne ta cikin shinkafa kuma ba ya fitar da gishirin da ya riga ya shiga, kamfanin Apple da kansa ya hana a yi wa wayoyinsa haka.

In ruwan kwata ne, ko miya, ko shayi, ko lemo, alkohol kaɗai ba ya narkar da gishiri da sukari sosai. Sai a fara ɗauraye allon da tataccen ruwa wanda babu gishirin komai a cikinsa, sannan a bi da IPA ya kori ruwan, a bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi da iska. Ka yi hankali wurin saye. A bakin mutane, tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota da kuma asid ɗin batir, duka ruwan batir ake ce musu. Ka karanta kwalba, ka tambaya, kada ka zuba wa allo asid.

Farin garin nan kuwa da batirin alkalin ke zubarwa cikin rimot da tocila, ɗan ruwan khal ko na lemon tsami a kan auduga yana kashe kaifinsa. Bayan nan a goge da IPA. Kada garin ya taɓa ido.

Maganar wuta

IPA ya fi fetur sauƙin haɗari, amma shi ma abokin wuta ne. Da zarar zafi ya kai digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, tururinsa ya isa kamawa. Mu kuwa a bazara zafinmu yakan kai digiri 40. Ke nan kusan kullum a shirye yake, tartsatsi kawai yake jira. Tururin ya ninka iska nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin tebur har ya iske abin da zai kunna shi.

Dubi teburin mai gyara: ƙarfen dalma a kunne, bulowa tana fitar da iskar da ta haura digiri 300, soket yana tartsatsi, janareta a bakin ƙofa, wani kuma ya shigo da sigari. Don haka ka ware lokacin wanki daban, lokacin dalma daban. Kada ka busar da jiƙaƙƙen allo da bulowa mai zafi. Ƙyallayen da ka goge da su ka zuba a gwangwani mai murfi. Ka ajiye abin kashe gobara mai hoda ko bokitin yashi inda hannu zai kai, ka kuma sani watsa wa wutar fetur ruwa yaɗa ta yake yi. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba ya bukatar a gaya masa yadda wuta ke tsallakawa daga rumfa zuwa rumfa.

Lafiyar mai aiki

Ka yi wanki inda iska ke shiga tana fita. In ka ji ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, jikinka ne ke yi maka gargaɗi, ka tashi ka sha iska. Takunkumin ƙyalle yana tare ƙura, amma tururin sinadari wucewa yake yi ta cikinsa. Ka sa safar hannu ta roba irin ta naitirail, domin sinadaran nan suna kwashe maiƙon fata har ta tsage. Ka sa tabarau, buroshi yana fantsama. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, sannan a tafi asibiti.

Dalmar liƙi irin ta da, kashi 63 kuza ne, kashi 37 dalma. Tun 2006 ƙasashen Tarayyar Turai suka taƙaita dalma a sababbin kayan lantarki, amma tsofaffin kaya da dalmar da ake sayarwa a kasuwanninmu har yanzu akwai ta. Duk ƙyallen da ya goge allon da aka liƙa da irin wannan dalma ya kwaso ta. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, kafin kuma ka ɗauki ɗanka.

Kada ka taɓa zuba sinadari a robar ruwa ko kwalbar lemo. Fari ne tas kamar ruwa, yaro mai ƙishi ba zai bambance ba. Ka rubuta sunansa a jiki, ka kulle shi. In ƙaddara ta sa wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Amai yana iya tura fetur cikin huhu. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar likita ya gani. Ragowar ruwan wanki kuma kada a tuttule a kwata ko kusa da rijiya.

Kira ga iyayen gida

Yaro abin da ya ga maigidansa na yi shi yake ɗauka. In ya ce, "Maigida, a miƙo fetur ne?" kai kuma ka ce, "Miƙo, haka muka tarar," to ka koya masa abin da shi ma zai koya wa yaransa nan da shekara goma. Iyayensa sun kawo shi ne ya koyi sana'ar da za ta riƙe shi, ya kamata ya bar hannunka da idonsa da huhunsa lafiya.

Shugabannin ƙungiyoyin masu gyara su ma da nasu aikin. Su haɗa kuɗi su sayo IPA na gaske a jarka daga masu sayar da sinadarai, a raba wa 'yan ƙungiya cikin kwalabe masu suna, farashi ya sauko. Su hana ajiye fetur a cikin rumfuna. Kai kuma mai kai gyara, haƙƙinka ne ka tambayi abin da za a wanke maka waya da shi.

Ya kai mai sana'a, gobe da safe in ka buɗe shago, ka fara ɗaukar 'yar kwalbar nan ka dube ta. In ba ka san abin da ke cikinta ba, kada ka ƙara zuba ta a kan kayan mutane. Allah ya tsare mu, ya sa albarka a sana'a.